Kujerun Tsakiya

Jami'armu ce ta turo ni unguwar da aka yi rikici bara, in yi wa jama'a laccar zaman lafiya. Da rana tsaka na shiga zauren makarantar, wanda har yanzu bangonsa ke warin ƙauri.

Mutanen sun rabu biyu, waɗannan a dama, waɗancan a hagu, sun bar layin kujeru a tsakiya ba kowa. Raina ya ɓaci.

"Haba jama'a!" na ce. "Sulhu muka zo yi ko kallon-kallo? Ku matso ku cike tsakiyar nan."

Ba wanda ya motsa. Wani tsohon tela daga dama ya ce a hankali, "Malama, ai da mutane a kai."

Na yi tsaki, na sauko in janye kujera ɗaya da kaina. Ta ƙi ɗaguwa. Da na dafa mazauninta, sai na ji ɗumi, kamar na jikin mutum.

Na koma kan mumbari, na karanto tambayar da na saba buɗe lacca da ita: "Wa zai fara neman gafara?"

Kujerun tsakiya suka yi ƙara a tare, wasu suka karkata dama, wasu hagu.

Telan ya miƙe. Wani mahauci ya miƙe daga hagu.

"Ku yafe mana," suka ce.

Ba juna suke kallo ba.