Irin da Lawwali Ya Jiƙa a Ruwan Kanwa

Geron da Lawwali na Gangara ya fara shukawa bai tsiro ba bana, ko ƙwaya ɗaya. Ruwa ya sauka yadda ake so, tsuntsu bai tona ba. Shi da hannunsa ya jiƙa irinsa kaf a ruwan kanwa, saboda wata magana da ya ji a rumfar cajin waya.

Rumfar ta Kamalu ce, a bakin kasuwar Sabon Birni. Kamalu taubashin Lawwali ne, ɗan ƙanwar babansa. Ya taɓa boko har kwaleji, aiki bai samu ba, sai ya sayi janareta ya kafa tebur. Bakinsa ya fi cajin tara jama'a. Kullum yana da sabon abin mamaki daga waya. Yau ya ce tururuwa ba ta da huhu, gobe ya ce akwai wata dabbar teku mai zuciya uku. A yi dariya, a yi gardama, a watse. Ba wanda tururuwa ta taɓa cuta don ba ta da huhu.

Wata ranar kasuwa, gab da damina, Lawwali ya zo sayen igiya. Kamalu ya hango shi.

"Taubashi! Matso, wanga labari naka ne. Kai da wuta-wuta ta maida gonarka lambun hure."

Aka yi dariya. Gaskiya ce kuwa. Ciyawar nan mai jan fure da ke shanye gero tun daga saiwa ta addabi gonar Lawwali, kuma ita kaɗai ta rage masa, tunda ta cikin daji yanzu ba mai zuwa ya dawo lafiya.

"Ba ni son ƙaryarka ta tururuwa," in ji Lawwali.

"Wanga ba wasa ba ne. Wani babban mai bincike, can wata jami'a a ƙasar waje, ya gano in an jiƙa iri a ruwan kanwa ya kwana, wuta-wuta ba ta kama shi. Ga shi an buga, har da hoton gona."

Ya miƙa wayar. Lawwali ba ya karatun boko, amma ya san gero mai kyau in ya gan shi. Ya daɗe yana kallon hoton.

Bai yi garaje ba, sai da kasuwa ta zagayo ta wuce yana juya maganar. Sannan ya sauko da zangarniyar da ya ware tun kaka, irin gidansu mai saurin nuna, ya sa aka sussuka. Matarsa Maimunat ta ga yana narka kanwa a baho.

"Malam, ka raba biyu mana. Ka jiƙa rabi, ka bar rabi."

"In bar rabin ga wuta-wuta ta ci? Mutum ya ƙare karatun duniya ya ce a jiƙa, ke kina cewa rabi."

Ya jiƙa duka. Da safe ya tsame ya baza, ya ɗauki sungumi ya yi binne kamar yadda aka saba, a sa iri cikin busasshiyar ƙasa ya jira ruwa. Ruwan ya zo. Gonakin maƙwabta suka yi kore, tasa tana nan ja fayau. Ya ce jinkiri ne. Da jinkirin ya yi yawa ya durƙusa ya tona. Irin ya yi baƙi, yana murmushewa a yatsa. Ko kanwar ce ta cinye shi, ko jiƙawar ce ta tashe shi ya mutu a zafin rairayi, Allah kaɗai ya sani. Ya ƙulle abin da ya tono a tsumma ya hau mashin.

Ya tarar da rumfar cike. Ya kwance tsumman ya zazzage a kan tebur, tsakanin wayoyin mutane.

"Kai, kai, taubashi! Mi ke nan?"

"Binciken mutuminka ne. Na kawo maka ka ɗauki hoto."

Kamalu ya leƙa, ya dafe kai, sai kuma ya fashe da dariya. "Wai yi ka yi? Ai wancan an janye shi!"

"An mi?"

"An janye. Ashe mutumin ko gona bai taka ba, ofis ya zauna ya ƙirƙiro lissafi daga kainai. Hoton ma na wata gona ne ya sato. Abokan aikinai sunka tona mai asiri, har kora anka yi. Wallahi labarin ya fi na farko daɗi."

"Yaushe ka sani?"

"Washegarin da na gaya maka. Na tura a guruf, kowa ya gani."

Lawwali ya zaro wayarsa daga aljihu, 'yar rakani-kashi da aka ɗaure da roba, ya buga ta a tebur.

"Nuna min guruf a nan. Nuna min! Ƙaryar da baki ka ba ni ita, gaban jama'a, kana kiran sunana. Gaskiyar ka saka ta inda ba ni shiga. Kasuwar da ta biyo na zo nan, na tsaya a wurin ga, kana ba ni labarin kifi!"

"To ni labari ni ka badawa. Na ce wani ya yi? In na ce maka duniyar wata ba iska, sai ka je ka duba?"

Rumfar ta ɗauki dariya. Lawwali ya ci kwalar Kamalu. Sai Malam Is'haƙa tela, dattijon layin, ya shiga tsakani yana murmushi.

"Haba Lawwali, sake shi. Ba a hushi da taubashi. Shekaran jiya kai ka ce kanshi kamar tulu."

Abin da ya fi ƙona masa rai ke nan. Duk ihun da ya yi, wasa aka ɗauke shi. Wani ma har tafa masa yake, wai ya iya. Ya saki rigar ya fita. Bai kai ga mashin ba ya ji muryar Kamalu ta tashi a bayansa, ana tambayarsa shekarun kunkuru.

Ya sayi iri a kasuwa, wanda ya samu. Ya sake shuka lokacin da mutane ke noman farko. Irin mai jinkiri ne, ruwa ya ɗauke yana cikin fitar da kai. Abin da ya ɗaure bai kai gidan ga sanyi ba.

Kafin tsakiyar rani Lawwali ya kwance ɗaya daga cikin shanun huɗarsa biyu, ya ja shi zuwa kasuwar Isa. Ya dawo da buhunan hatsi, da igiya a kafaɗa. Ɗayan san yana tsaye a turke yana kuka, kuma sa ɗaya ba ya jan garma.