Ƙasar Unguwar Kunkuru

Tun hantsi suke tafe a cikin birnin Siena, amma kwalbar da ke jakar Orsola har yanzu babu komai a ciki. Abin da ta zo nema bai wuce cikin tafin hannu ba: ƙasa daga unguwar Kunkuru, unguwar marigayi mahaifinta. A garin nan, inda aka haife ka nan ce unguwarka har ka mutu. Jaririn da zai zo duniya a nesa kuwa, sai a kai ƙasar gida a ajiye ƙarƙashin gadon haihuwa, don a ce a kanta ya faɗo. Cikin Orsola ya tsufa, kuma likita ya ce daga wannan tafiyar ba za ta sake barin Torino, garin da suke zaune, ba sai ta sauka.

Sai dai duk inda suka bi dutse ne da jan bulo. Lunguna suna hawa suna gangara, kayan shanya na lilo a sama, ƙanshin miyar wake da kabeji na fitowa ta tagogi, amma ko ciyawa ba ta samu wurin tsira ba.

"Gimbiya, ki tausaya wa ƙafafun nan," in ji mijinta Ettore, wanda bai taɓa taka garin ba sai yau. "Ga tukunyar fure can a ƙofar mai gasa burodi. In ɗebo, mu gudu."

"Ƙasar kanti ce. Daga buhu aka zuba ta."

"Jaririn zai tambaya ne?"

Ba ta yi dariya ba. Tana ƙarama iyayenta suka rabu, uwarta ta tafi da ita arewa, kuma ba ta ƙara yarda a ambaci Siena a gidanta ba. Abin da Orsola ta riƙe na garin kaɗan ne: wata rijiya, ƙarar ganguna, da gyale mai launin rawaya da shuɗi a wuyan babanta. Yanzu tana tafe tana duban sunayen tituna kamar kowace baƙuwa, abin yana ci mata rai.

Ta san inda lambunan unguwar Kunkuru suke, can gangare wajen ganuwar gari. Amma hanyar can ta ƙofar Gwaggo Fosca take bi, yayar mahaifinta, wadda ba su yi magana ba tun da aka binne shi Orsola ba ta zo ba. Saboda haka duk lokacin da hanya ta karkata can, sai ta ja hannun Ettore su sha wata kwana.

Da rana ta take, suka faɗa wani lungu da ya ƙare a kan gajeriyar katanga. A bayanta akwai itacen ɓaure da kunyoyin latas, ƙasar baƙa wuluk, an yi mata ban ruwa da safe. Ettore bai jira ba. Ya haura, ya durƙusa da wandonsa mai kyau, ya cika kwalbar da cokalin da suka sha ƙanƙarar madara da shi. Orsola ta karɓa ta rungume. Sanyin kwalbar ya ratsa rigarta, idanunta suka kawo ruwa.

"Kai, ɓarawon latas! Uban wa ya aike ka?"

Wani tsoho ne a saman matakala, da butar ban ruwa a hannu. Ettore ya fara in-ina, sai Orsola ta ɗaga kwalbar, ta nuna cikinta. Nan take fuskar tsohon ta sake.

"Af! To ai sai ku faɗa. Ku ƙara, 'yata, ku cika ta har baki. Wannan ƙasar ta fi kowace albarka. 'Yar gidan wa ce ke a nan unguwar Katantanwa?"

"Katantanwa?" Muryarta ta yi ƙasa. "Baba, nan ba Kunkuru ba ce?"

Tsohon ya ajiye butar a hankali. Ya nuna kusurwar bangon da suka wuto, inda aka manna wani ɗan faranti mai zanen katantanwa. Sun wuce ta ƙarƙashinsa ba su ɗaga kai ba. Kowa a Siena ya san gabar da ke tsakanin unguwannin nan biyu, masu bango ɗaya, tun kafin a haifi kakan kakansa.

"Ashe 'yar Kunkuru ce!" Ya ƙyalƙyale da dariya har da dafa katanga. "Don Allah ku tafi da ita. Ku haifa mana ɗa a cikin gidan maƙiya, ya tashi yana yi musu waƙarmu a kan tebur!" Da ya ga fuskarta sai ya tsagaita. "Wace irin 'yar Kunkuru ce ba ta san bakin iyakarta ba? Wa ya haife ki?"

"Duccio, mai gyaran ganguna."

"Allah sarki. Mun sha dambe da shi muna samari, haƙorin nan shi ya cire." Ya karɓi kwalbar, ya juye ƙasar a gindin ɓauren, ya ɗauraye ta tas da ruwan butarsa. "Ko ƙwaya kada ta rage, kar ya tashi daga kabari ya biyo ni. Je ki wurin Fosca. Lambunsa na hannunta."

Suka gangara. Ƙafafunta sun kumbura, bayanta na sara. A bakin wata koriyar ƙofa ta tsaya, Ettore ya danna ƙararrawa kafin ta canja shawara.

Gwaggo Fosca ta leƙo ta taga tukuna, sannan ta sauko. Gajeruwa ce, hannunta duk garin fulawa. Ta dubi fuskar Orsola, ta dubi cikin, ta dubi kwalbar da ke ɗigar ruwa.

"Hancin ubanki ne, ba sai kin faɗi suna ba. Wannan dogon fa?"

"Mijina ne, Gwaggo."

"Ɗan ina?"

"Torino."

"Allah ya ba shi haƙuri." Ba ta matsa daga bakin ƙofar ba. "Gwiwar wandonsa da laka. Ina kuka tona?"

Orsola ta so ta yi ƙarya, amma bakinta ya ƙi. Ta faɗa. Gwaggo ta runtse ido, ta daɗe a haka.

"Ba ki zo kin zuba wa ubanki ƙasa ba," ta ce a hankali, "yau kin zo ɗiba."

"Ba don ni ba ne, Gwaggo."

"Na sani. Shi ya sa ban rufe ƙofa ba." Ta goge hannu a jikin rigar girkinta. "Amma ba zan ba ki ba. Wadda ta kusa kwantar da jikan Duccio a kan ƙasar Katantanwa ba za ta riƙe mini ƙasa har Torino ba. Kuma ba mai ciki ke kai wa kanta ba, dangin uba ke kaiwa. Ni na kai taki asibitin da ke bayan ganuwa, da hannun nan na tura ta ƙarƙashin gado. In naƙuda ta fara, a kira ni, in hau jirgin ƙasa."

Uwar Orsola ta riga ta haɗa jakar asibiti, ta ce ita za ta riƙe mata hannu. Matan nan biyu rabonsu da haɗuwa tun ranar da suka yi ta a gaban alƙali, kuma uwar ta rantse ba za ta sake zama ɗaki ɗaya da Fosca ba. Ettore ya matso kusa da kunnenta.

"Akwai wasu lambunan a gangare," ya raɗa. "Ba dole sai nata ba."

Orsola ta dubi gangaren. Daga nan ana hango kan itatuwa a bayan rufin gidaje, tafiyar ba ta da nisa. Sai ta miƙa wa Gwaggo kwalbar.

"Ƙarshen watan gobe ne, in Allah ya yarda."

Gwaggo ta karɓa, ta ɗaga ta a rana tana duba ko da sauran ƙwayar ƙasa.

"Uwarki za ta kasance a wurin?"

"Za ta kasance."

"Ta san da maganar nan?"

"Tukuna."

"To ki gaya mata tun da wuri, ta zaɓi ɓangaren gadon da za ta tsaya. Ni ƙasansa kawai nake so." Ta juya ta fara hawa matakala, ta bar ƙofar a buɗe. "Shigo ki ɗora ƙafafun nan a kan kujera. Kai kuma dogo, karkaɗe wandon nan a waje kafin ka taka mini gida."