Tagar Wajen Shanya

Inna ta sa kafaɗa ta tura kabad ɗin kaya, Dogo magini yana ja ta ɗaya gefen yana nishi. Shekara talatin da ɗoriya kabad ɗin bai motsa daga jikin bangon ba. Da ya gusa sai ga matajin da ya ɓace tun yara suna makaranta, da silifa ƙafa ɗaya.

"Inna, bulo kika jera a ciki?"

"Kayan mijina ne. Ja ka bar surutu, ƙarfe huɗu za a sallamo shi."

Mijin nata, wanda kowa ke kira Direba, kwanansa goma sha ɗaya a asibiti da ciwon zuciya. 'Yarsu mai aikin jinya, da sunan Nas ya bi ta har gida, ta riga ta yanke hukunci. Ta ce ɗakin nan tanda ne, zuciyar Baba ba za ta ɗauki zafinsa ba, gidanta za ta kai shi inda akwai na'urar sanyi. Gidan nata kuwa hawa na uku ne, wanda ya hau da ciwon zuciya ya hau ke nan. Jiya da Nas ta fita karɓo magani, Direba ya riƙo gefen mayafin Inna ya ce a hankali, "Ki kai ni ɗakina." Inna ta roƙi 'yar har ta yarda da sharaɗi ɗaya. Nas za ta biyo da shi ta gida, ta shiga ɗakin da kanta ta auna. In da zafi, ko jakarsa ba za a sauke daga mota ba.

Dogo ya zaro tef ɗin awo ya ja daga bango zuwa bango.

"Ƙafa goma sha biyu a goma. Haƙƙin taga kashi ɗaya ne cikin goma na ƙasan ɗaki, haka maigidana ya koya min. Wannan taku kuwa," ya nuna 'yar tagar da ke kallon titi, "ƙafa biyu a biyu. Ramin ɓera ne aka sa wa labule. Zan faɗaɗa ta, uku a huɗu, shi ke nan."

"Ba nan za ka fasa ba."

"To ina?"

Ta dafa bangon da kabad ya tashi daga jikinsa. "Nan."

"Inna, ga taga a buɗe tana jiran ƙari, ki ce in je in huda lafiyayyen bango?"

Ta shiga kicin ta ɗauko wata kwalba da babu komai a ciki ta miƙa masa. "Kafa baki ka hura."

Dogo, mutum mai furfura a gemu, ya kafa baki ya hura har kumatunsa suka kumbura, idanunsa suka yi ja.

"Iskar ta shiga?"

"Ina za ta shiga, gindinta a toshe?"

"To haka ɗakina yake. Zo."

Ta zagaya da shi ta baya inda igiyar shanya take. Rigunan asibitin Direba guda biyu suna rataye, duk sun karkata wajen bangon ɗakin kamar suna son shiga.

"Ban yi boko ba," in ji Inna, "amma shekara talatin ina shanya a nan. Duk lokacin zafi daga wannan gefen iska take zuwa. Ta daki bango ta koma. Ta wajen titi kuwa babu abin da ke shigowa sai ranar yamma da hayaƙin babur. Ka faɗaɗa waccan, rana ka buɗe wa ƙofa."

Dogo ya jiƙa yatsa da miyau ya ɗaga sama. Ya jima a haka, sannan ya sosa ƙeya.

"Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma kada ki faɗa wa kowa na hura kwalba."

Da ya yarda kuma sai ya fi ta zafi. Ya ce sabuwar a yi ta biyu a uku, ƙasa-ƙasa daidai tsayin gado, don iska ta bi ta kan mai kwanciya. Sannan a tsaga wata doguwa a saman tsohuwar, dab da silin, ƙafa huɗu a ɗaya, domin iska mai zafi sama take taruwa tana neman hanya.

"Mafita ta fi mashiga faɗi, sai ki ga iska tana gudu. In kin haɗa ukun, mun wuce haƙƙin ɗaki har da gyara."

"Kai ka san lissafinka. Ni dai ka fasa."

Ta rufe gado da leda. Dogo ya zana da gawayi, ya ɗora kurfi ya fara bugu da guduma. Maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce ko rushe gidan ake yi Direba bai sani ba. Inna ta ce ƙwarai, sabo za ta gina masa kafin la'asar. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya bulon farko ya faɗa waje. Ta ramin wata siririyar iska ta shigo ta taɓa Inna a wuya, inda zufa take. Ta tsaya da tsintsiya a hannu tana dariya ita kaɗai.

Sauran aikin gudu ne. Dogo ya kafa katako, ya buga ragar sauro, ya ce shafen siminti sai wani satin. Ya hau tsani ya tsaga ta sama, ƙura ta mayar da shi fari fat kamar an tsamo shi daga buhun fulawa. Ya rataya tsohuwar tabarma a waje, tazarar taƙi biyu daga tagar titi, don ta tare rana ba tare da ta tare hanya ba. Inna ta share sau uku, ta goge da ruwa sau biyu, har ƙarƙashin gado da gwiwoyinta, don ta san 'yar tata yatsa za ta shafa.

Ƙarfe biyar saura motar ta tsaya, kuma a daidai lokacin aka ɗauke wuta. Fanka ta yi juyi biyu ta tsaya.

Nas ta shigo ita kaɗai da kayan aikinta a jiki. Ta kalli ramukan, ta kalli Dogo, ta kalli uwarta.

"Inna, fasa gidan kika yi?"

"Auna abin da kika zo aunawa, 'yar nan."

Nas ta ajiye ma'aunin zafi a kan matashi. Ta shafa yatsa a kan taga ta duba. Ta zauna a bakin gado ta naɗe hannu, fuska a ɗaure irin ta masu allura. Labule ya kumburo ya koma. Gefen ɗankwalinta ya fara kaɗawa, ta sa hannu ta danne, ya sake tashi. Ta ɗauki ma'aunin ta daɗe tana kallo.

"Wa ya ba ku wannan dabarar?"

"Injiniya," in ji Dogo da ƙarfi yadda har na cikin mota zai ji, ya nuna Inna da haɓa.

Nas ta fita, sai ga ta da jakar a hannu, uban yana dafe da kafaɗarta yana taku ɗaya-ɗaya. Wannan ne lokacin zafi na ƙarshe da Direba ya gani a duniya, amma ranar babu wanda ya sani, kuma ko an sani Inna ba za ta canja komai a cikinta ba.

Ya zauna a gadonsa, ya bi sabuwar tagar da kallo.

"Dogo, wannan a karkace take."

"Baba, kanka ne a karkace, kwana goma sha ɗaya a kwance."

Ya yi dariya har Nas ta harare shi. Aka gyara masa matashi ya miƙe. Ta cikin raga yana hango rigunansa a kan igiya. Inna ta jawo kujera ta zauna kusa da kansa, sai lokacin ta ji bayanta yana ciwo. Ta ɗauka barci ya kwashe shi.

"Injiniya," ya ce, idonsa a rufe.

"Na'am."

"Ɗan rufa min ƙafa. Sanyi nake ji."