Haihuwa a Garin Haruffa Masu Ƙaya

Daren jiya na yi wani mafarki. Ina tuƙa Keke Napep, ni da ban taɓa koyon tuƙi ba, matata Barira tana baya tana naƙuda. Rana tsaka ce. Ruwan sama yana tsattsafowa daga ƙasa yana hawa sama, tafin ƙafata kaɗai ya jiƙe.

Sana'ata rubuta allunan shaguna, amma a garin nan na kasa karanta allo ko ɗaya. Duk an rubuta su da baƙaƙen haruffan nan masu kauri da tsini, irin na takardar shaidar gama makaranta. Kowane harafi ya tsaya ƙiƙam da ƙaya a kafaɗa, sun matsu da juna kamar ƙarafunan shinge. Na taɓa ɗaya, ya yanke ni.

"Malam, ina asibitin?" in ji Barira.

"Ga allo, amma ban san me ya ce ba!"

Sai ga ni a wani ofis. Bunsuru cikin babbar riga yana zaune yana taunar hatimi.

"Ranka ya daɗe," na ce, "wannan rubutu na kalma biyu ne, manya, a kan katin biki ko gaban riga. Ba a sa shi inda mutum yake sauri."

"Yana da kwarjini," in ji bunsurun. "Tun da muka sa shi babu wanda ya zo asibiti. An samu lafiya ke nan."

Ban san yadda aka yi ba, na tsinci kaina a ɗakin haihuwa. Ungozomar akuya ce mai tabarau.

"Barka, ta sauka lafiya," ta ce, ta miƙo mini ƙunshin zane.

Na buɗe. Haruffa biyu ne baƙaƙe, d da a, da ɗuminsu, suna numfashi. Na ɗago kai na dubi akuyar.

"Ina yaron?"

"Ɗa ta haifa. Amma haruffanmu ba su da ƙugiya a ka. Da muka rubuta shi, sai ya zama da."

"Da me?"

"Da kawai. Sauran maganar ku za ku nemo."

Barira ta miƙo hannu daga kan gado. "Ba ni shi, yunwa yake ji." Ta rungume shi. Ƙayoyin suna sukar ƙirjinta, jini yana ɗiga yana hawa rufi, ita ko gezau.

Na laluba aljihu na zaro burushina. Babu fenti, sai na tsoma shi a jinin. Na kai shi kan harafin farko, na fara lanƙwasa masa kai a hankali. Gashi ya fito. Kunne ɗaya ya fito. Ya buɗe baki zai yi kuka.

Sai injin markaɗen maƙwabta ya tashi. Na farka hannuna a sama, ban gama lanƙwasar ba.