Kwanar Soro

Yayana Inuwa shekara talatin da biyar ya yi yana aikin nas a asibiti. Da ya yi ritaya sai ya zauna a gida a Gyaɗi-Gyaɗi, daga tabarma sai masallaci. Cikin wata shida ya zube kamar mai ciwo. Matarsa Balaraba ta aiko mini cewa ko magana ya rage.

Ran nan sai ga shi a shagona na walda a Tarauni. Wai ya samo tsohon injin sassaƙa ƙarfe na wani kamfani da ya mutu. Tun yana yaro yake son aikin, Baba ya tura shi boko. Har ya share ɗakin baya, ya zuba siminti, ya jawo wuta. Na ce mutumin da bai saba riƙe abin da ya fi allura nauyi ba, me ya haɗa shi da ƙarfe? Bai kula ni ba. Na tambaye shi ko ya auna ƙofa. Ya zaro takarda daga aljihu, ya ce sau uku ma.

Ranar Asabar muka ɗauko injin a akori-kura, ni da Ƙasimu direba da 'yan dako huɗu. Muka jera bututu a ƙasa muka gangaro da shi a kai. Ƙofar waje ya shige lafiya lau. A cikin soro ya tsaya.

Soron irin na da ne, ginin Baba. Ƙofar ciki ba ta kallon ta waje, sai mutum ya karya kwana, don kada na titi ya hango mata. Inuwa ya auna faɗin ƙofofin nan biyu daidai. Kwanar ce bai auna ba. Injin kuwa ya fi mutum kwance tsawo.

Tun hantsi muke abu ɗaya har la'asar. Muka kwance duk abin da zai kwantu, amma gangar jikin zubi guda ce. Ƙasimu ya ce da mai naƙuda ce da tuni an yi mata aiki, a tambayi Malam Nas. Ba wanda ya yi dariya. Bayana kamar an sare shi.

Na ce a fasa bango. Balaraba daga bayan labule ta ce ba za ta riƙa tuƙa tuwo 'yan adaidaita suna kallonta ba. Na ce to a mayar wa masu shi. Inuwa ya zauna a kan injin yana shafa shi da tafin hannu, can ya ce a bar shi nan cikin soro.

Na duba hanyar da ta rage tsakanin inji da bango. Sai mutum ya karkace zai wuce.

"Yaya," na ce, "ka san ba na ɓoye magana. Ranar da ka mutu, ta ina za mu fito da kai?"

"Lawan, wata shida ina kwance a can ciki, ba wanda ya tambayi ta inda zan fito. Ranar ku san yadda za ku yi."

An jima Balaraba ta turo mana ruwa a kwano, ta ce a matsar da injin ko da taƙi ɗaya ne, don bokiti ya wuce.

Washegari na kawo ƙusoshi na kafe shi a ƙasa, muka ƙaro waya daga ɗakin baya. Yanzu in an kawo wuta, tun daga bakin layi ake jin ƙararsa. Ya sassaƙa mini wani ƙarfen ƙafar ƙofa, bai yi daidai ba, na karɓa. Inuwa har ya ɗan yi ƙiba.

Ni dai in na je sai na tattare riga na bi a karkace. Kuma har yau ban daina auna wurin nan da ido ba.