Darasin Kusurwa na Ranar Asabar

Ƙanena Wiebe direban bas ne a garin Leeuwarden. Da aurensa da Annelies ya mutu, kotu ta yanka masa ranar Asabar kaɗai da 'yarsa Femke, sauran kwanakin tana wajen uwarta da sabon mijinta, Ruud.

Wata Asabar Femke ta zo da aikin gida na lissafi, ta zauna a kicin tana kuka a kan kusurwoyi. Wiebe ya leƙa takardar, bai gane komai ba. Da yamma sai ga shi a gidana a kan keke, ruwan sama ya jiƙa shi jagab.

“Yaya Tjitske, ki koya mini wannan abin.”

Na ce, “Kai da malamai suka yi murnar rabuwa da kai? Yanzu da furfura?”

“Ki yi dariyarki ki gama, sannan ki koya mini.”

Na dafa kofi muka zauna. Na ja layi miƙaƙƙe, na ce duk kusurwoyin da suka jeru a kansa, in ka haɗa su digiri ɗari da tamanin ne. Layi biyu in suka gitta juna, kusurwoyin da ke kallon juna daidai suke. Na ce kusurwoyin alwatika uku ma, in ka haɗa su ɗari da tamanin ne. Ya ce bai yarda da zancen alwatika ba, yaya za a ce siririya da ƙatuwa duk ɗari da tamanin? Na yanka masa guda da almakashi, ya yage kusurwoyinta uku da hannunsa, ya jera su a bakin tebur. Suka kwanta a miƙe. Ya daɗe yana kallo.

“Me ya hana wani ya nuna mini haka tun ina yaro?”

Duk makon nan, da ya ajiye bas sai gidana. Abokan aikinsa suka sa masa suna Farfesa, don sun kama shi yana zane lokacin cin burodi da cuku. Bai kula su ba. Kafin Juma'a har kusurwoyin nan masu siffar harafin Z ya iya.

Ranar Asabar ya ce in zo in zama shaida. Ya share tebur, ya fere fensir, ya sa sabuwar riga. Femke ta shigo, ta sumbace shi, ta zauna da wayarta.

“Fito da lissafin nan, 'yar Baba. Yau za ki sha mamaki.”

“Wanne? Au, kusurwoyi? Ai mun wuce nan. Ruud ya nuna mini tun ran Lahadi, ashe ba wuya. Har mun yi gwaji, na ci.”

Wiebe ya ce, “To madalla. Amma kin san in aka yage alwatika...”

“Na sani, Baba.” Ta dafa hannunsa, cikin tausayi ta faɗa, ba da raini ba. “Kar ka wahalar da kanka. Mama ta ce kai ba a tambayarka irin wannan, kunya kake ji.”

Na ga wuyansa ya yi ja. Na buɗe baki, ya girgiza mini kai. Ya tashi ya ɗora mai, ya soya mana dankali, ya tambaye ta labarin ƙawayenta, har dariya ya yi.

Da Annelies ta danna hon a waje, ya raka yarinyar ƙofa, ya ɗaga wa motar hannu. Ruud ma ya ɗaga masa, mutumin kirki ne, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Na ce, “Mako mai zuwa sai mu shiga darasi na gaba, ka riga shi.”

“Shi kwana shida gare shi, Yaya.”

Ya juya ya hau wanke kwanuka. Na tsaya ina goge masa su har muka gama, sannan na ɗauki rigar ruwana na tafi.