Sa Hannun Lami Na Biyar

Takardar ta iso Gidan Inuwar Dattawa da ke unguwar Gidan Dare a tsakiyar bazara, lokacin da zafin Sakkwato ke sa kwalta ta yi laushi. Shafi huɗu ce, da tambari biyu. Manajan gidan, Alhaji Abdulrazak, ya tara ma'aikata a gindin darbejiya ya karanta musu ita cikin muryar da yake ajiyewa domin manyan baƙi.

Sabuwar ƙa'ida ce daga hukumar da ke sa ido a kan irin waɗannan gidaje. Daga Litinin ta sama, ba wanda zai ƙara taɓa jikin tsoho ko tsohuwa sai mai takardar shaidar bita. Gidan da aka kama da hannu marar takarda za a cire shi daga jerin masu samun tallafi. Bitar kwana uku ce a otal, Talata zuwa Alhamis, kuma kowace rana ana sa hannu sau uku: da safe, da rana, da yamma. Tara cif. Wanda ya rasa ɗaya ya rasa duka.

"An ba mu kujera shida," in ji Alhaji. "Ku huɗu masu jinya, sai Zakiyya sakatariya, sai direba. Yawan masu takarda shi ke ɗaga darajar gida."

Lami Gideon ta ɗaga hannu. Shekararta goma sha huɗu tana jinya a gidan. A Sakkwato aka haife ta, mahaifinta mutumin Zuru ne da ya ƙare ƙarfinsa wajen fasa dutse a Kalambaina, kuma a jikinsa ta fara koyon ɗaga mutum, shekarun da bayansa ya ƙi.

"Ranka shi daɗe, in duka mun tafi, wa zai juya Inna?"

Alhaji ya duba shafi huɗun, gaba da baya. "Takarda ba ta yi maganar wannan ba."

Inna Maimuna ita kaɗai ce a gidan da ba ta iya motsa kanta. Tsohuwar malamar matan aure ce daga Ƙofar Marke, ta karantar da rabin unguwa kafin ɓarin jikinta na dama ya shanye shekara uku da suka wuce. Ciwon ya ɗauke hannu da ƙafa, ya bar harshe. Mutumin da ke kwance haka, in ba a juya shi duk bayan awa biyu ba, fata takan mutu a inda ƙashi ya danne ta, gyambo ya buɗe, kuma a wannan zafi gyambo ba ya jira. Cikin shekara ukun nan fatar Inna ba ta taɓa tsagewa ba. Lami ta tsara juyin yadda duk lokacin salla zai sami Inna a kan haƙarƙarinta na dama, fuska na kallon gabas. Ba wanda ya rubuta mata wannan a takarda.

"Ke 'yar Zuru, mi sunka ce?" Inna ta tambaya da Lami ta shigo ɗaki.

"Za a kai mu makaranta, Inna. Za a koya mana juya ki."

"Awo? To tahi ki koyo. Ki zo ki gaya mini mi kika yi ta yi mini shekara ukku."

Ranar Talata aka buɗe bita. An ce ƙarfe tara, aka fara sha ɗaya da rabi, domin ana jiran babban baƙo. Babban baƙo ya aiko wakili, wakilin kuma ya aiko saƙo cewa yana hanya. Kafin ya iso aka yi jawabin maraba, aka yi jawabin godiya ga wanda ya yi jawabin maraba, aka raba jaka da hula masu tambarin shirin, aka fita aka ɗauki hoto. A gaban zauren, kan wani dogon tebur, akwai mutum-mutumin roba mai girman mutum, wanda aka sayo daga waje domin gwajin jinya. Yana naɗe cikin leda, an ɗaure shi da koren ƙyalle. Ba za a kwance shi ba sai babban baƙo ya yanke ƙyallen da hannunsa.

Mai koyarwa, Dokta Jibrin, daga Abuja aka ɗauko shi. Mutum ne mai fara'a, mai agogo biyu, ɗaya a hannu ɗaya a waya, kuma duka biyun ba su dame shi ba. Ya yi bayanin tsufa a ƙasashe takwas. Ya nuna hoton wata tsohuwa mai farin gashi tana murmushi a lambun furanni, na'urar sanyaya ɗaki tana busa wa mahalarta barci.

Lami ta zauna kusa da ƙofa. Mai dafa abinci za ta ba Inna ruwa da kunu, amma ba za ta iya ɗaga ta ba. Saboda haka da an ce hutun shayi, sai Lami ta zame ta tare ɗan kabu-kabu, minti goma sha biyu zuwa Gidan Dare, ta juya Inna, ta shafa mata mai, ta gyara matashi tsakanin gwiwoyi, ta koma. Hutun shayi a bita ba ya kasa awa ɗaya, hutun abinci ya fi haka. Ranar farko ta je sau uku, ta sa hannu sau uku, ba wanda ya lura.

Ranar Laraba ce ta ɓaci. Aka ce babban baƙo da kansa ya taso, sai aka rufe ƙofofin zaure don kada ya shigo ya ga kujeru babu mutane. Aka zauna. Sha ɗaya ta wuce, sha biyu ta wuce. Lami tana kallon ƙofa, tana lissafin cewa tun takwas da rabi Inna ke kan ɓari ɗaya. Da ta ga abin ba na ƙarewa ba ne, ta bi ta ƙofar da masu kawo abinci ke shigowa, ta ratsa ta kicin ta fita.

Ta sami Inna jiƙe da gumi, babu wuta, fanka a tsaye. A ƙugunta na hagu akwai wani wuri mai faɗin tafin yaro da ya canza launi, ya yi zafi. Lami ta danna da yatsa, launin bai koma ba. 

"Kin ga wani abu," in ji Inna.

"Ba komai, Inna."

"Ƙarya ba ta yi miki kyau, ɗiyata. Fuskarki ba ta iya ta ba."

Lami ba ta koma da wuri ba. Ta wanke wurin, ta busar, ta sauya zane, ta tokare bayan Inna da matasai yadda ƙugun ba zai taɓa katifa ba, ta yi mata fifita har azahar, ta ɗora mata hannu a kan dutsen taimama. Sai ƙarfe biyu da rabi ta shiga zaure. Babban baƙo bai zo ba. Dokta Jibrin yana rufe darasin da ta rasa, kan darasin yana nan a rubuce a allon majigi: muhimmancin juya majinyaci duk bayan awa biyu.

Ga abin da kowa a zauren ya sani, ban da Lami. Rajistar bita ba ta taɓa rasa sa hannu. Wanda ya je kasuwa, maƙwabcinsa ya sa masa. Akwai sunaye bakwai a rajistar nan da ba a ga masu su ba tun ranar farko, kuma hannayensu ba su taɓa makara ba. Zakiyya, yarinya mai kirki, ta riga ta sa wa Lami hannun rana tun ƙarfe ɗaya. Tana ta yi mata alama da ido ta zauna.

Lami ba ta gani ba. Ta wuce kai tsaye gaban zaure, ta rusuna, lasifika kuwa a kunne take.

"Yallaɓai, ka yi haƙuri. Na fita tun sha biyu da kwata, ban sami sa hannun rana ba. Akwai tsohuwar da na je juyawa."

 Dokta Jibrin ya jawo rajista, ya bi layi da biro, ya tsaya.

"Lami Gideon? Ai ga hannunki nan."

"Ba ni na sa ba, yallaɓai. Ba na nan."

Wani a baya ya ce, "Innalillahi." Zakiyya ta sunkuyar da kai cikin jakar shirin. Dokta ya kashe lasifika, ya cire tabarau, ya dube ta da tausayi na gaske.

"Baiwar Allah, me ya kai ki? Da kin yi shiru, da kin halarta. Yanzu kin faɗa a gaban mutum sittin. Mu kuma shirin nan a kan gaskiya da riƙon amana aka gina shi." Ya ja layi a kan sa hannun na biyar, a hankali, da rula.

Ranar Alhamis aka yi jarrabawar gwaji. Tun da har yanzu ba a yanke ƙyalle ba, mutum-mutumin ya ci gaba da kwanciya cikin ledarsa, aka kawo matashin kai daga ɗakin otal ya tsaya a madadinsa. Matakai bakwai ne. Na farko, ka gabatar da kanka ga majinyaci, ka nuna masa katin aiki. Direba ya gaishe da matashi, ya faɗi sunansa da na mahaifinsa, ya kife shi kamar buhun gero, ya sami maki cikakke. Lami ta tambaya ko wane ɓari ne ya shanye a jikin matashin, domin ba a jan mutum ta hannun da ya mutu. Dokta ya ce wannan tambaya ce mai kyau ƙwarai, kuma za a amsa ta a bita ta gaba, ta ƙwararru.

Da yamma aka raba takardu. Mutum biyar daga Gidan Inuwar Dattawa suka karɓa. Sunaye bakwai ɗin nan ma an kira su, 'yan'uwansu suka karɓar musu.

Ranar Litinin Lami ta zo aiki ƙarfe bakwai kamar kullum. Alhaji ya tare ta a bakin ɗakin Inna.

"Lami, kin san ba ni da abin da ya fi ki a gidan nan. Amma masu duba gidaje suna iya faɗowa kowane lokaci. Kada ki taɓa ta."

Daga cikin sauran masu jinya uku, biyu maza ne, na ɓangaren maza. Ta ukun tana da tsohon ciki, likita ya hana ta ɗaga nauyi. Sai aka kira Zakiyya. Ta shigo da takardarta a cikin leda. Lami ta tsaya a bakin ƙofa, ta harɗe hannaye a baya don kada su tafi da kansu.

"Ina kwana, Inna. Sunana Zakiyya Haruna, ga katina..."

"Na san ki. Ni na koya ma uwarki Fatiha. Mi kike so?"

Zakiyya ta tsallake zuwa mataki na huɗu, ta kama hannun dama ta ja. Inna ta yi wata ƙara da Lami ba ta taɓa ji daga bakinta ba. Zakiyya ta saki, ta ja da baya, ta fashe da kuka.

"Alhaji, wallahi ba zan iya ba. Ni buga takarda na sani."

"Abdulrazaki," in ji Inna, tana haki. Ita kaɗai ke kiran sunansa haka. "In kashe ni kuka shirya, ku bari in yi salla tukuna."

Alhaji ya share gumi. Ya zaro takardar hukuma daga aljihu, ya zauna a bakin taga yana karantawa da yatsa. Shekara ashirin ya yi a aikin gwamnati kafin ya zo gidan nan, ya san cewa duk takardar da ta kai shafi huɗu tana da ƙofar baya. A shafi na uku ya same ta.

"Masu shara ba sa bukatar takardar shaida," ya karanta. "Aikinsu ya haɗa da share ɗaki, da sauya zanen gado, da gusar da duk abin da ya tare aikin tsafta." Ya ɗago kai. "Ba a sauya zanen gado sai an gusar da abin da ke kansa. Lami, in na mai da sunanki cikin masu shara, zanen Inna yana iya bukatar sauyi duk bayan awa biyu."

"Ni ce abin da ya tare aikin tsafta?" in ji Inna.

"A takarda kawai, Inna."

Lami ta dubi shuɗiyar rigar jinyar da ke jikinta. Ita ce ta huɗu da ta tsufa a jikinta a gidan nan. Masu shara ruwan toka suke sawa, kuma ba a kiran su taron ma'aikata. A cikin rahoton da za a aika, gidan zai nuna masu jinya biyar, dukansu ƙwararru, har da direba.  Ta so ta tambayi Alhaji ko shekara goma sha huɗu ma a takarda kawai ce. Sai ta ga yadda Inna ta karkace a kan ƙugun nan na hagu, inda Zakiyya ta sake ta.

Ta cire katin aikinta ta miƙa masa.

"Sai kin riƙa shigowa da tsintsiya," in ji Alhaji, bai dube ta ba. "Saboda masu dubawa."

Zakiyya ce ta ruga ta ɗauko. Lami ta karɓa, ta jingine ta a bango, ta wanke hannu. Ta sa hannu ɗaya a ƙarƙashin kafaɗar Inna mai lafiya, ɗaya a ƙugu, ta tokare gwiwa a bakin gado.

"Inna, riƙe wuyana. Za mu tafi dama."

"A hankali, mai shara," in ji Inna. "Kayan ga tsoho na."